Wa Ya Kwana a Ɗakin? Yadda Nake Bin Sawun Tarin Fuka a Cikin Gida

Ranar da sakamakon kaki ya fito aka tabbatar mutum yana da tarin fuka, aiki biyu ne ya sauka a kanki. Na farko shi ne wanda ke zaune a kan benci yana tari: a auna nauyinsa, a buɗe masa kati, a ba shi magani na wata shida, kyauta. Wannan kowa ya iya shi. Na biyu shi ne gidan da ya fito, kuma nan ne muke yawan yin sakaci. A cike takarda, a rubuta "mutum biyar, duk lafiya", alhali ba wanda ya taka ƙofar gidan.

Ina aiki ne a ɗakin masu tarin fuka na wani ƙaramin asibiti a gefen Kano, kuma shiga gidaje na daga cikin aikina. Na rubuta wannan ne domin ƙannena da suka fara aikin kwanan nan, da 'yan sa-kai na unguwa, da ma duk wadda aka ce mata wani nata ya kamu tana son ta san inda za ta sa ido.

Dalilin wahalar ga shi. Wani babban nazari da aka fitar a 2013, wanda ya tattaro bincike daga ƙasashe da dama masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ya nuna cewa a cikin mutum 100 da suka yi zama da mai tarin fuka, kusan 3 ana samunsu da cutar ta riga ta tashi, kusan rabi kuma ƙwayar ta shiga jikinsu ta kwanta. Uku cikin ɗari ba ya cika kunne, sai kin gwada shi da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na Najeriya baki ɗaya, mutum 219 cikin 100,000 a shekara. Da wuya ki sami wurin da masu cutar suke a tattare kamar gidan wanda ya riga ya kamu.

Kafin ki ɗauki jaka

Ki fara da katin marar lafiyar. Abin da kike nema shi ne yawan ƙwayar da yake fesawa a iska da tsawon lokacin da ya yi yana fesawa.

A huhu cutar take ko a wani wuri? Wanda ta kama wa kaluluwar wuya ko ƙashin baya kaɗai ba ya yaɗa ta. Na huhu da na maƙogwaro su ne masu yaɗawa. Sai ki duba takardar GeneXpert, wato injin gwajin kaki: injin ba ya tsayawa a "akwai" ko "babu", yana nuna ko ƙwayar tana da yawa, ko matsakaiciya, ko kaɗan ce, yana kuma faɗin ko tana jin rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan cutar, ko ta bijire masa. In an yi hoton ƙirji aka ga rami a huhu, ki ɗauka gidan nan ya sha iska mai nauyi. In kuwa takarda ta ce ƙwayar ba ta jin rifamfisin, ki sanar da mai kula da tarin fuka na ƙaramar hukuma kafin ki motsa, domin maganin rigakafin da za a ba mutanen gidan daban ne.

Sai lokaci. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce duk wanda ya kwana a rufaffen wuri ɗaya da marar lafiya, ko da dare ɗaya ne, ko ya saba daɗewa tare da shi da rana, a cikin wata uku kafin a fara magani, yana cikin lissafi. Ni wata ukun nan mafi ƙaranci nake ɗaukarsa. Mutanenmu ba sa zuwa asibiti da tarin mako biyu. Sai an sha na kemis, an sha zuma da tafarnuwa, an koma kemis an canzo wani ruwan maganin, jiki ya zube, sannan a zo. In ya ce miki tarin "bai daɗe ba", kada ki tambaye shi wata nawa. Ki ce, "Malam, da azumi kana tarin? Da babbar Sallah fa? Lokacin da aka yi girbi?" Nan da nan za ki ga mako uku ya zama wata bakwai. Inda tarin ya fara, nan lissafinki zai fara.

Kada ki je gidan kowa ba da yardarsa ba, kuma ki tambaye shi wa ya sani a gidan. Akwai amaryar da in dangin miji suka ji, zamanta ya ƙare. Akwai budurwar da aka sa wa rana. Ki yi shawara da mai cutar kan abin da za a faɗa da wanda zai faɗa. Sakamakon gwajinsa na HIV kuwa ba ya fita daga bakinki a gidan, ko da uwarsa ce ta tambaya. Ni ba na sa fararen kaya in zan shiga unguwa, hijabina nake zurmawa kamar mai zuwa barka, kwalaben kaki suna cikin jaka. Lokacin da ya fi dacewa shi ne wanda yara suke gida: Alhamis ko Juma'a da yamma da ba Islamiyya, ko Asabar da sassafe kafin masu talla su fita.

Zana gidan

In kin yi sallama an shimfiɗa miki tabarma, a tsakar gida za ki zauna, ba a ɗaki ba. Wannan kariya ce gare ki, kuma darasi ne da kike koyarwa ba tare da kin ce komai ba. A gaisa sosai, a tambayi mai jiki, a yi masa addu'ar sauƙi. In da abokin aiki namiji kuka zo, shi a soro zai tsaya da maigida da samari, kuma aikin da ke can ba ƙarami ba ne: binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2012 ya nuna cutar ta fi yawa a maza, kusan ninki biyu, su ne kuma suka fi ƙin zuwa gwaji.

Tambayar da ba na yi ita ce "ku nawa ne a gidan nan?" Ba ta haifar da komai. Wata uwar ba ta son a ƙirga mata 'ya'ya, wata ba za ta ambaci ɗan farinta ba saboda kunya, wata kuma 'yar riƙo da yaron da ke yi mata aike ba sa zuwa mata a rai a matsayin mutanen gida. Abin da nake yi, in fito da farar takarda in zana gidan a gabansu: ga soro, ga shagon samari, ga turaka, ga ɗakin uwargida, ga na amarya, ga ɗakin Inna, ga madafa. Sai in ɗora biro a kan ɗaki ɗaya in ce, "Hajiya, jiya da daddare wa da wa suka kwana a nan?" Ɗaki-ɗaki har mu zagaye. Yara ma sukan taya, su ne ke cewa, "Ai har da wane, a bakin ƙofa yake kwana."

Daga nan sai in koma baya. Da sanyin bana haka kwanan yake? Wa ya zo ya tafi? A nan ake tono waɗanda takarda ba ta taɓa kamawa: ɗiyar da ta zo wankan jego ta yi kwana arba'in a ɗakin uwarta da jariri, ta koma gidan mijinta a wata unguwa, ɗan da ya koma makarantar kwana, ƙanen maigida da ya zo cirani ya koma ƙauye da faɗuwar damina, almajiran da ke kwana a soro, jikar da kullum a bayan kaka take barci. Duk wanda ya bar gidan, ki rubuta inda yake. In ya yi nisa, a kira shi ya je asibitin da ke kusa da shi ya ce ya zauna da mai tarin fuka.

Gidan da ke da mata fiye da ɗaya yana da nasa lissafin. In maigida ne ke da cutar, kowace mace tana shiga turaka ranar girkinta, kuma ba ita kaɗai take shiga ba, da na goye take tafiya. Ke nan jaririn kowane ɗaki ya sha iskar turaka, ko da manyan yaran ba su sha ba. In kuwa ɗaya daga cikin matan ce, 'ya'yan ɗakinta ne a gaba, sai maigida, sai duk yaron kishiya da ya saba kwana wurinta. Na taɓa shiga gidan da aka kawo mini 'ya'yan marar lafiya huɗu a jere, an yi musu wanka an shafa musu mai, ashe wadda ta fi kowa kwana a jikinta 'yar kishiyarta ce 'yar shekara biyu da aka yaye a ɗakinta. Ba ɓoyewa suka yi ba, su dai a ganinsu 'ya'yan cikinta ake nema.

Wannan bin ɗaki ba ƙirƙirata ba ce. Masu bincike na cibiyar binciken lafiya ta MRC a Gambiya, inda gidaje suke da tsari irin namu na ɗakuna da yawa a cikin shinge ɗaya, sun raba mutanen gida kashi uku: masu kwana ɗaki ɗaya da marar lafiya, masu kwana a wani ɗaki na gini ɗaya, da masu kwana a wani gini daban. Gwajin fata ya nuna kamuwa tana ƙaruwa gwargwadon kusancin makwanci. Haka nake yi wa zanena alama: da'ira ta ciki, ta tsakiya, ta waje. Kowa za a tambaya, amma in kwalabe ko kuɗin mota sun gaza, na san da wa zan fara.

Ki shiga ɗakin ki dubi iska

Ƙwayar tarin fuka a iska take tafiya. Mai cutar ya yi tari, ko atishawa, ko magana mai ƙarfi, ƙananan ɗigo da ido ba ya gani su tashi su rataya, a rufaffen ɗaki su yi sa'o'i ba su sauka ba. Iska mai ratsawa tana kwashe su, hasken rana yana kashe su. Saboda haka bayan an gama lissafin mutane nakan nemi izini in leƙa ɗakin, da takunkumina a fuska, a buɗe ƙofa tukuna.

Taga nawa ne, kuma suna buɗuwa? Sau da yawa taga tana nan amma an jingina mata sif, ko an toshe ta da kwali da tsumma tun hunturun bara ba a cire ba. Tagar tana fuskantar ƙofa yadda iska za ta shiga nan ta fita can, ko duk a bango ɗaya suke? Labule nawa ne a ƙofar? Mutum nawa ke kwana, a kan gado ɗaya ko a ƙasa? Akwai wata dabara mai sauƙi: ki ce a kawo kasko a sa turaren wuta, a rufe ɗakin yadda ake rufe shi da daddare, ku tsaya daga waje jim kaɗan sannan ku leƙa. Za a ga hayaƙin ya tsaya cik. Sai a buɗe taga da ƙofa a ga yadda yake zurarewa. Nakan ce musu, yadda hayaƙin nan ya yi, haka numfashin mai tari yake yi a ɗakin. Bayan wannan ba na buƙatar dogon wa'azi.

Ki lura da lokutan da al'ada ke tara mutane a rufe: sanyin Disamba da Janairu da ake liƙe ko'ina a kwana da garwashi, ɗakin mai jego, ɗakin mai takaba da 'yan'uwa ke zuwa taya ta kwana. In watannin tarin sun faɗo a irin wannan lokaci, ki faɗaɗa da'irarki. Fanka a rufaffen ɗaki kuwa juya iskar kawai take yi, ba ta fitar da ita.

Tambayar mutum ɗaya-ɗaya

Babba, ki ja shi gefe. Tari, ko na kwana nawa ne, zazzaɓi, gumin dare mai jiƙa riga, rama, jini a kaki, ciwon ƙirji. A wurin wanda ya zauna da mai cutar ba a jiran tari ya cika mako biyu. Kada ki ce "kina tari?" ki tsaya, domin amsar "a'a, ɗan mura ne" za ki samu. Ki ce, "Inna, zanin nan da haka yake zama miki?" ko "Wa kike ji yana tari da asuba?" Kishiya da kaka sun fi kowa sanin mai tarin dare a gida. Ki tambayi masu ciwon suga, masu ciki, masu shan taba, da tsofaffi, domin jikinsu ya fi saurin ba cutar hanya. Kowa kuma a ba shi damar gwajin HIV a asirce, saboda mai ɗauke da ita haɗarin tashin tarin fuka a jikinsa ya ninka na sauran mutane fiye da sau goma.

Yara su ne inda nake daɗewa. Yaro ƙarami ba lallai ya yi tari mai ƙarfi ba. Abin da za ki gani shi ne ya daina wasa, yana lafewa a jikin uwa, zazzaɓi yana tafiya yana dawowa an yi maganin maleriya bai ji ba, nauyi ya tsaya ko yana raguwa. Ki karɓi katin awonsa ki dubi layin. Ki auna damtsensa da tef: ƙasa da santimita 11.5 a yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 tamowa ce mai tsanani, kuma tamowa da tarin fuka tare suke tafiya. Ki shafa wuyansa ki ji ko akwai kaluluwa da ba ta zafi. Ki dubi bayansa ko wani ƙashi ya turo. Ki duba kafaɗar hagu ko akwai lambar BCG, allurar rigakafin tarin fuka ta jarirai, amma kada lambar ta sa ki saki jiki: allurar tana rage mugun nau'in da ke kama ƙwaƙwalwa ko ya bazu a jiki, ba ta hana kamuwa gaba ɗaya. Yaron da ke yawan barci, ko ya sanƙare wuya, ko ya yi jijjiga, ko numfashinsa yana sama-sama, ba na gobe ba ne. A ranar za a kai shi babban asibiti.

Duk mai alama sai a karɓi kakinsa. A fili ake yi, bayan gida ko gefen da ba mutane, ba a banɗaki ba. Ya kurkure baki da ruwa, ya ja numfashi mai zurfi sau biyu ko uku, ya yi tari daga ƙirji ya tofa a kwalba. Abin da ake so kaki ne mai kauri kamar cikin cokalin shayi, ba yawu ba. Ki rubuta suna a jikin kwalbar, kada ki rubuta a murfi, murfi yana musanyuwa. Kakin da za a sa a GeneXpert yana jure kwana uku in zafi bai wuce digiri 35 ba, to amma ke kin san Kano a watan Afrilu. Ki sa a akwatin sanyi ki kai a ranar. Injin kansa cikin kamar awa biyu yake gama aiki, jinkirin da ake samu na layi ne da wuta da mai kai samfur.

Ƙananan yara ba sa iya fito da kaki, haɗiye shi suke yi, shi ya sa yanzu ake gwada bayan gidansu a injin. Ki bar wa uwa kwalba ki nuna mata yadda za ta ɗiba. Sai dai ki sani, gwajin yaro yakan fito babu alhali akwai, domin ƙwayar da ke jikinsa kaɗan ce. Yaro mai alamu wanda ya kwana da mai cutar, likita ne zai duba shi da hoton ƙirji ya yanke hukunci, ko me injin ya ce.

Hoton ƙirji ina son a yi wa kowa a da'irar ciki in da hali, har wanda ya ce garau yake. A binciken ƙasashe da dama, kusan rabin waɗanda aka samu da ƙwayar a kakinsu ba su kawo kukan alamun da ake tambaya ba. In kin ji motar hoto ko na'urar da ake ɗauka a jaka za ta zo yankinku, ki tara mutanen gidajenki ranar. Gwajin fata na Mantoux kuwa, inda ake da shi, ana karanta shi bayan awa 48 zuwa 72, taurin wurin ake aunawa ba jan ba, milimita 10 ko fiye, ko 5 ga mai HIV da mai tamowa. Abin da yake nunawa ƙwayar ta shiga jiki, ba ya cewa cutar ta tashi. Kuma yakan ɗauki har mako takwas bayan kamuwa kafin ya nuna, don haka "babu" na farko ba ƙarshen magana ba ne. Rashinsa kuma ba ya hana a ba ƙaramin yaro rigakafi.

"Wa ya kawo mana?"

Za a yi miki wannan tambayar, wani lokaci ana kallon wata. Ki yi hattara da amsarki. Wanda aka fara ganowa ba lallai shi ya fara kamuwa ba. Sau da yawa tsohon da ke ɗakin baya yana "tarin tsufa" shekara guda shi ne tushen. Kuma mutum biyu a gida ɗaya ba dole ne ɗaya ya ba ɗaya ba. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu an gwada ƙwayoyin masu cutar da ke zaune gida ɗaya, sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna fiye da rabinsu ƙwayoyin ba iri ɗaya ba ne, wato kowa daga waje ya ɗebo tasa. Majalisa, gidan kallo, motar haya, wurin aiki, gidan yari, duk wuraren kamuwa ne. Abin da nake cewa shi ne, "Alhaji, iska ce, ba wanda ya san inda ya shaƙe ta. Mu dai mu nemo duk wanda ta taɓa." Ba gado ba ce, ba sammu ba ne, ba gashin mage ba ne.

In ƙaramin yaro ne aka fara samu da cutar, binciken juyawa yake yi. Yara ƙanana ba su cika yaɗawa ba, wani babba ne ya ba shi, kuma kwanan nan. Ki nemi mai tari a cikin masu ɗaukarsa: uwa, kaka, mai raino, maƙwabciyar da ake bar mata shi. In gidan masu shanu ne ki tambaya ko ana shan madara ba a tafasa ba, domin akwai nau'in da ake ɗauka daga shanu.

Maganin masu lafiya

Nan ne gardama take. Kin gama bincike, yaro lafiyarsa ƙalau, sai ki ce a ba shi magani wata uku. Uwa za ta ce, "Malama, me ya same shi?" Amsar ita ce ƙwayar tana iya kwanciya shiru a jiki. A manya masu ƙarfin jiki, 5 zuwa 10 cikin 100 ne take tasar wa a tsawon rayuwa, galibi a shekara biyun farko. A ƙananan yara abin ya fi haka nesa. Wani nazari na 2020 da ya haɗa yara daga ƙasashe da yawa ya gano cewa 'yan ƙasa da shekara 5 da gwaji ya nuna sun kamu kuma ba a ba su rigakafi ba, kusan 19 cikin 100 cutar ta tasar musu cikin shekara biyu, mafi yawansu a watanni ukun farko. Shi ya sa ba na yarda a ce "bari mu gani".

Sharaɗin farko, a tabbatar cutar ba ta riga ta tashi ba, domin maganin rigakafi bai isa ya warkar da mai cutar ba. In an tabbatar, 'yan ƙasa da shekara 5 da masu HIV su ne a sahun gaba, sannan sauran mutanen gida. Akwai isoniyazid kullum na wata shida, wanda shi aka daɗe ana bayarwa. Akwai haɗin isoniyazid da rifamfisin kullum na wata uku, na yara yana narkewa a ruwa. Akwai haɗin isoniyazid da rifafentin sau ɗaya a mako, sha 12. Wanda za a bayar ya danganta da shekaru, da ciki, da sauran magungunan da mutum ke sha, da abin da ke cikin sito. Ga mutanen gidan wanda ƙwayarsa ta bijire wa manyan magunguna, tun 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar lebofuloksasin na wata shida, wannan kuma likita ne ke farawa.

Da nauyi ake ba yara, saboda haka a riƙa auna su duk wata. Ki faɗa tun farko cewa in maganin yana da rifamfisin ko rifafentin fitsari zai yi ja-ja, ba jini ba ne. Ki faɗa wa mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ko mai ashanar hannu cewa rifamfisin da rifafentin suna rage musu ƙarfi, ta koma wurin masu tazarar a sake shawara. Wannan a keɓe za ki faɗa mata. Idon da ya yi shawara, amai da ba ya tsayawa, ƙuraje a jiki, a dakata da magani a zo asibiti. Jin suka ko dindiris a ƙafa kuwa akwai bitamin B6 da ake haɗawa saboda shi. Ni nakan nemi mutum ɗaya a gidan in damƙa masa katin, kuma na lura kaka in ta karɓi aikin ba a tsallake rana.

Abin da za a canza, da abin da za a bari

Kusan duk gidan da na shiga na tarar an ware wa marar lafiya kwano da kofi da cokali, amma yara suna nan suna kwana a ɗakinsa da taga a rufe. Ki mayar da kwanon cikin sauran, ki fitar da yaran. Ba a ɗaukar cutar a kwano, ko musafaha, ko wanki. Makonni biyun farko na magani ya kwana shi kaɗai in da ɗaki, in babu a ba shi gefen taga a bar ta a buɗe, a sa gidan sauro. Da rana ya zauna a tsakar gida ko ƙarƙashin bishiya. Ya rufe baki da hankici in zai yi tari, ya tofa kaki a gwangwani mai murfi a zubar a masai. Magani in yana ci, yaɗuwa tana faɗuwa da sauri. Mai ƙwaya mai bijirewa ne ake tsawaita wa wannan tsari sai asibiti ta ce ya isa. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, ta sa takunkumi, a kai jaririn a duba shi a fara masa rigakafi. In ba a riga an yi masa BCG ba, akan jinkirta ta sai ya gama.

Ziyara ɗaya ba ta isa. Ki koma idan marar lafiya ya cika wata biyu, lokacin da ake sake gwada kakinsa, ki fito da zanen nan ki bi shi ɗaki-ɗaki kamar farko. In kakinsa bai washe ba, mutanen gidan sun ci gaba da shaƙa ke nan, a sake tantance su. Ki koma a ƙarshen magani, ki kuma gaya musu har shekara biyu duk wanda ya fara tari ko rama ya zo ya ce daga gidan wane yake. Wanda ba ya kusa da ku ya kira 3340, layin kyauta na shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa, a gaya masa wurin gwaji mafi kusa.

Akwai kuma gidan da ba ya cikin rajistar kowa: wanda aka yi rasuwa bayan doguwar jinya da tari da rama, ba a taɓa gwadawa ba. In kin ji labarin irinsa wurin mai unguwa ko wurin ungozoma, ki bari a share makoki, ki je ki yi ta'aziyya, sannan ki nemi izinin zana gidan kamar yadda za ki yi in da takardar GeneXpert a hannunki.